Babi na 6: Zaƙin da ba na sukari ba da lafiyar mafitsara

Darasi na 1

Iyayena da ƴan uwana, kowa ya ɗauko kwalbar lemun da ya zo da ita. Akwai lemun da aka zuba wa sukari, akwai wanda aka sa wa wani sinadari mai zaƙi a madadinsa. Ɗan mitsitsi ake sawa, don irin wannan sinadari da ake kira aspartam ya ninka sukari zaƙi wajen sau 200, wanda ake kira sakarin kuwa wajen sau 300. Masu ciwon sukari sun san su: ƴan fararen ƙwayoyin nan na farmasi da ake jefawa cikin shayi.

Mafitsara jaka ce a ƙasan cibiya, tana tara fitsari kamar salka. Sakarin ba ya narkewa a jiki, ƙoda ke tace shi ya fita cikin fitsari yadda ya shiga. Wasu mutane, ba kowa ba, irin wannan zaƙi yana tsokanar mafitsararsu. Sai fitsari ya riƙa matsa su akai-akai, su yi ta tashi cikin dare, wani sa'in ya kubce kafin a kai makewayi. Ba abin kunya ba ne, Inna.

Darasi na 2

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka sannu a hankali.

Juya kwalbar. Baya muke so, ba gaba ba. A gaba an rubuta sans sucre, wato babu sukari, ko light ko zéro da manyan baƙaƙe, amma gaskiyar tana baya, cikin ƙananan rubutu. Ka juya? Madalla. Nemi kalmar Ingrédients, wato kayan da aka haɗa, ɗora yatsa a kanta, ka bi layin har ka iske édulcorant, wato sinadarin nan mai zaƙi da ake sawa a madadin sukari. Ba sai ka iya Faransanci ba, riƙe farkonta kawai: é, d, u, l. Rubuta ta sau biyar a littafinka.

In kalmar ta gagare ka, nemi harafin E da lamba a gabansa. E950 acésulfame K ne, E951 aspartam, E954 sakarin, E955 sucralose. Dukansu da 95 suka fara. E, tara, biyar. Mu faɗa tare: E, tara, biyar.

Ajiye kwalbar. Sake ɗauka. Juya ta. Yatsa a kan Ingrédients. Rubutun ya yi ƙanƙanta? Fita haske, ko jikanka ya riƙe maka tocila, amma kai za ka karanta. Garin lemu na ƴar leda da ake sayowa a kasuwar Tahoua ana dama wa yara, shi ma a juya shi.

Har yanzu ina ganin masu ɗanɗanawa su ce sun gane. Haba, Baba! Harshe yana karatu ne? Wasu kuma da sun ga sans sucre sai su jefa a jaka. Sau nawa zan faɗa? A juya kwalba.

Darasi na 3

Sami takarda. Duk fitsarin da ka yi, ja sanda ɗaya, na rana a dama, na dare a hagu. Yi haka kwana 3 kana shan abin da ka saba. Sannan ka bar duk mai édulcorant mako 2, ka sake ƙirgawa. In sandunan sun ragu, ka kama bakin zaren. In ba su ragu ba, duba shayi da lemun kola, kafeyin da ke cikinsu shi ma yana ƙara fitsari.

Kada ka rage shan ruwa don gudun fitsari, balle da zafin Afrilu. Fitsari mai kauri ya fi damun mafitsara.

Darasi na 4

Jini a fitsari, zafi, ko zazzaɓi: sai likita, ranar nan. Tana iya zama tsargiya ko ƙwayar cuta. Mai ciwon sukari kada ya koma wa sukari da kansa, ya tambayi likitansa, domin yawan fitsari yana iya nuna sukarin ne ya hau.

Darasi na 5

A maimaita darasi na 2 a gida da kwalba uku.