Sayen tikitin jirgin ƙasa tsakanin ƙasashen Turai: yaushe kuma a ina

Mutanenmu da yawa masu zuwa karatu ko ziyara Turai suna ɗauka jirgin ƙasa a can kamar motar tasha ne, ka zo ka biya ka shiga, kuɗin kowa ɗaya. Ba haka bane fa, musamman manyan jirage masu gudu da suke tsallaka boda irinsu Eurostar mai haɗa Landan da Paris, da TGV na Faransa, da ICE na Jamus. Kuɗin hawa yake yi kullum kujeru na ƙarewa, wanda ya saya tun wata uku baya da wanda ya saya ranar tafiya zasu zauna kafaɗa da kafaɗa amma na biyun sai ya biya ninki biyu ko ma fiye.

To yaushe ake saye? Da an buɗe sayar da tikitin kawai. Deutsche Bahn (DB), kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, yakan buɗe na ƙetare kamar wata 6 kafin tafiya, SNCF na Faransa kuma kashi-kashi suke buɗewa, yawanci wata 3 zuwa 4. Sai dai duk shekara a tsakiyar Disamba ake canza jadawalin jiragen Turai gaba ɗaya, shi yasa in kana neman tikitin hutun Kirsimeti tun Satumba zaka ga shafin wayam babu komai, kar ka tsorata ba ƙarewa yayi ba, ba a saka ba ne, ka leƙo wajen tsakiyar Oktoba. In da hali ka guji yammacin Juma'a da Lahadi, Talata ko Laraba da tsakar rana sun fi sauƙi.

Amma dan Allah kar araha ta ruɗe ka ka saya kafin biza ta fito. Mafi arahar na Jamus, Super Sparpreis, ba a maida kuɗi kuma jirgin da aka rubuta maka shi kaɗai zaka hau. Sannan Ingila bata cikin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Landan zuwa Paris awa 2 da 'yan mintuna ne ta ramin ƙarƙashin teku amma biza biyu kake buƙata, kuma tun a tashar St Pancras ta Landan ake duba fasfo da jaka kafin ka shiga, saboda haka ka je da awa ɗaya ko fiye a hannu. Ko cikin Schengen ɗin ma fasfonka ya zama yana jikinka, 'yan sandan Jamus suna hawa jirgi a boda su duba.

Ni a ganina manhajar kamfanin jirgin ta fi, DB Navigator ko SNCF Connect ko ta ÖBB na Ostiriya in jirgin dare na Nightjet zaka hau. Trainline da Omio, dillalan tikiti na intanet, suna da daɗin kwatanta farashi amma sukan ɗora ɗan nasu a kai.

Inda mutane suka fi ƙonewa shine wajen canjin jirgi. In tafiyar jirgi biyu ce ko uku, ka yi ƙoƙari ta zama tikiti ɗaya daga farko har ƙarshe, domin in na farko yayi latti ka rasa na biyu dole su saka ka a na gaba kyauta. In kuwa daban-daban ka saya don ka rage yuro goma, to ba lallai kowa ya saurare ka ba, sai ka tsaya a gaban allon tasha da akwati biyu kana kallon sunan jirginka ya ɓace. In dole sai an raba, bar tazarar awa guda aƙalla, a Paris ma fiye, don tashoshin daban ne, wanda ya sauka Gare du Nord zai tafi Swizalan ko Italiya sai ya hau jirgin cikin gari RER D zuwa tashar Gare de Lyon.

Ka duba ko tikitin ya haɗa da kujerar da aka keɓe maka. Na TGV da Eurostar a haɗe take, na ICE yawanci daban ake biya, in baka biya ba kuma jirgin ya cika to sai zaman ƙasa kusa da ƙofa. Masu katin Eurail ko Interrail, wato katin hawa jirage da yawa na wasu kwanaki, suma sai sun biya kuɗin kujera a Eurostar da TGV.

Katin naira wani lokaci baya wucewa a shafukan nan, ka tanadi na dala ko wani ɗan'uwa a can ya biya, sunan dai ya zama daidai da na fasfonka. Ka ajiye tikitin ko bayan ka sauka, in jirgi yayi lattin awa 1 dokar Tarayyar Turai tace a maida maka kashi 25 cikin 100, in ya kai awa 2 rabin kuɗin, amma sai ka cike fom ka nema.