Yadda zaka shiga kwamfutar ofis daga gida idan kuna da sabar blade

Wai kana gida a unguwar Pantami ta Gombe a kwance amma kana aiki kamar kana zaune a ofis ɗinku na Jekadafari, to ba tsafi bane. Sabar blade ai akwati ɗaya ne da ake zura masa faranti-faranti, kowanne kwamfuta ce cikakkiya, wuta da fanka kuma na tarayya, irin HP c7000 ɗin nan yana ɗaukar guda 16.

Ka ware faranti ɗaya ka sa masa Windows Server ka kunna Remote Desktop Services, wato abin da ke ba ma'aikata damar shiga sabar daga nesa, sai dai ka sani ba tare da lasisi ba lamunin da ake bayarwa kwana 120 ne, daga nan ya rufe ƙofa, sai masu kula da sabar mutum 2 kawai zasu iya shiga lokaci guda. Kowane ma'aikaci a bashi sunansa da fasuwod ɗinsa, don Allah banda "1234" ɗin da kowa ya haddace har mai shara.

Inda mutane ke kwafsawa shine buɗe fot 3389, wato ƙofar da Remote Desktop ke bi, kai tsaye ga intanet, wallahi kamar ka bar shago a buɗe ne ka tafi Juma'a, masu kutse na ta lalube dare da rana. A fara haɗa VPN tukuna, wato ɓoyayyiyar hanya mai tsaro tsakanin gida da ofis, sannan a laftof ka danna Windows da R, ka rubuta mstsc don buɗe Remote Desktop, ka sa adireshin sabar, shikenan.

Ka saita iLO ma, wato tsarin HP na sarrafa sabar daga nesa, idan faranti ya sandare daga gida zaka kashe ka kunna. Sannan inbata da esi dole ne, zafin Afrilu a Gombe ba ya wasa da wannan akwatin.