Darasi na Bakwai: Ƙara Hasken Fitilar Tarakta

Da ruwan farko ya sauka, kowane manomi yana son a yi masa kaftu a rana ɗaya, taraktoci kuwa ba su da yawa. Dole direba ya haɗa da dare. Haka ma da kaka, sa'ad da ake jigilar buhunan shinkafa da masara daga gona bayan magariba. Direban da fitilarsa ta dushe ba ya ganin kututture ko rami sai ya hau kansa, bare yaron da ya biyo bayan garma.

Karanta jikin ƙwai

Ciro ƙwan da ke fitilarka ka dubi gindinsa na ƙarfe. Akwai ƙananan rubutu a wurin. A kan ƙwai mai suna H4 za ka ga haka: 12V 60/55W.

Harafin V yana nufin bolt, wato ƙarfin wutar da ƙwan yake so. Yawancin taraktocin da ke gonakinmu, irin su Massey Ferguson 375, bolt 12 suke amfani da shi. Ƙwan tirela mai 24V, in ka sa shi, sai ya yi ja-ja kamar aci-balbal.

Harafin W yana nufin wat, yawan wutar da ƙwan yake ci. Lambobi biyu ne domin zare biyu ke cikinsa: 60 na wutar nesa, wadda direbobi ke kira ful, 55 na wutar kusa, wato dim. Wasu tsofaffin taraktoci na ɗauke da ƙwai mai 45/40W ko ma 35/35W, kuma gindinsa daban yake. Saboda haka ka tafi shago da tsohon ƙwan a aljihu, a gwada gindi da gindi.

Kafin ka kashe kuɗi

Sau da yawa ba laifin ƙwai ba ne, wutar ce ba ta isa gare shi. Tarakta tana shan ruwa da laka da girgiza, mahaɗar wayoyi sai ta yi tsatsa. Ƙwai kuwa ba ya yafe wannan: in wutar da ke zuwa masa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da wajen kashi 30.

Nemi wayar at, wadda aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen tarakta. Kwance notin. Za ka iske ƙarƙashinsa ya yi ja, ko ya yi wani kore-kore. Goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka mayar ka ɗaure tam. Yi wa kawunan batir haka. Wanke gilashin fitila, ka leƙa madubin da ke ciki; in ruwa ya shiga ya cinye shi, ko wane irin ƙwai ka sa ba zai tura haske gaba ba, sai an sake fitilar ɗungurungum. Sannan mai riwaya ya auna batir inji na aiki. In caji na tafiya daidai, zai ga wajen bolt 14.

Ƙwai mai wat 100

A shago za a nuna maka ƙwai mai 100/90W, a ce shi ne maganin duhu. Tsaya ka yi lissafi tukuna. Raba wat da bolt, ka sami amfa, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya.

60 ÷ 12 = 5
100 ÷ 12 = 8 da 'yan kai

Fitilu biyu masu wat 60 suna jan amfa 10. Masu wat 100 suna jan kusan 17. Wayar da makunnin da kamfani ya sa ba don wannan nauyi aka yi su ba. Sai waya ta yi zafi, robar soket ta narke, fiyus ya riƙa yankewa. A nan ne wasu ke cire fiyus su cusa guntuwar waya. Don Allah kada ka yi haka. Fiyus shi ke yankewa domin kada waya ta kama wuta, ga dizal kusa, ga busasshiyar ciyawa a jikin inji. In lallai sai babban ƙwai, a sa rile, wato makunnin da ke ɗauke wa na kamfani nauyin wutar, da waya mai kauri daga batir, da fiyus nata. Ni dai shawarata, mai 45/40W ya koma ƙwan halojin, wato irin su H4, mai 60/55W wanda gindinsa ya dace, ya tsaya nan.

Ƙwan LED yana ba da haske da yawa da wuta kaɗan, yana kuma jure girgiza domin ba shi da zare. Amma in an cusa shi a tsohuwar fitila, haske yakan watse ya kashe wa mai tahowa ido. Ya fi kyau a ɗaura cikakkiyar fitilar LED ta aiki a sama ko a baya wajen garma, a kunna ta a gona, a kashe a kan titi. Wayoyinta na da tarawa (+) da ɗebewa (–). In aka juya su, yawancinsu ba sa kamawa.

Sa sabon ƙwai

Kashe inji, cire kan batir mai alamar ɗebewa, bar tsohon ƙwan ya huce. Riƙe sabon ta gindi ko da tsumma mai tsabta, domin maiƙon yatsa a gilashin halojin yana rage masa kwana. Zaunar da kunnuwansa a gurbinsu, maƙale wayar da ke danne shi, mayar da robar baya don hana ruwa.

Da dare, tsayar da tarakta a wuri shimfiɗaɗɗe, taku goma daga bango, ka kunna dim. Saman hasken ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar faɗin tafin hannu. In ya haura, sassauta noti ka sunkuyar da ita.

Aiki

1. Kwafi rubutun da ke gindin ƙwan taraktar da ka sani, ka faɗi ma'anar kowace lamba.
2. Fitilar aiki ta LED mai wat 24, amfa nawa take ja a bolt 12? In guda biyu ne fa?