Idan gidanka ya yi kwantai a kasuwa

Wata 9 gidan ya yi da allon sayarwa a jikin ƙofa kafin mai shi ya neme ni. Dattijo ne da ya yi ritaya, 'ya'ya duk sun kama gabansu, gidan ya yi musu girma shi da mai ɗakinsa. Da na iso bai bar ni na leƙa ko'ina ba sai da ya ja ni bayan gida, ya dafa wata bishiya, ya ce shekarar da aka haifi babbar 'yarsa ya dasa ta. Daga nan ya nuna mini tayil ɗin falo, ya ba ni labarin wahalar da ya sha kafin ya samu irinsa. Sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Gida kamar wannan a ce an rasa mai taya shi?"

Na ce, "Baba, kafin in ba ka amsa, a watannin nan mutum nawa suka kira waya, nawa suka zo suka gani da ido, nawa kuma suka yi tayi?"

Bai riƙe lissafin ba, kuma yawancin masu gida haka suke. Na daɗe ina dillancin gidaje, kuma daga nan nake farawa da kowa, domin shirun kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Ka samu takarda ka rubuta waɗannan lambobi uku. In wayar ma ba ta ƙara, matsalar tana wajen farashi ko wajen tallar. In ana zuwa a zagaya a yi godiya a tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa, to akwai abin da ake gani ko ake shaƙa a cikin gidan wanda kai ka daina lura da shi. In kuwa ana tayawa har a daidaita sannan maganar ta watse, ka duba takardunka.

Zan fi daɗewa a kan farashi, don a nan ne akasarin gidajen da na gani suka maƙale, kuma nan ne maganar da mai gida ya fi ƙin ji.

Mai gida yana ɗora wa gidansa kuɗin abubuwan da mai saye ba zai biya ba: shekarun da ya yi a ciki, gumin da ya zubar wajen gini, kuɗin da yake buƙata don ya koma wani wuri. Wannan ba rashin hankali ba ne, haka zuciyar ɗan Adam take. Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya ci lambar Nobel a 2017, ya yi rubutu a kan wannan hali tun 1980. Daga baya shi da Daniel Kahneman da Jack Knetsch suka gwada shi a Jami'ar Cornell ta Amurka: suka raba wa rabin ɗalibai kofuna kyauta, suka ce masu kofi su faɗi nawa za su sayar, marasa kofi su faɗi nawa za su saya. Masu kofin suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ke nan da bai yi awa guda a hannun mutum ba, ina ga gidan da ya yi shekara 30 a ciki. A 2001 kuma David Genesove da Christopher Mayer suka fitar da bincike a kan gidajen birnin Boston, inda suka gano cewa waɗanda suka sayi gida da tsada, kasuwa ta faɗi a kansu, sukan sa farashi sama da na maƙwabtansu don gudun asara, kuma gidajensu sun fi daɗewa ba a saya ba.

Hanyar sa farashi ita ce ka nemo gidaje 3 zuwa 5 da ke kusa da naka, masu girma da shekaru irin nasa, waɗanda aka sayar a cikin wata 6 da suka wuce. Ka lura, waɗanda aka sayar na ce. Kuɗin da maƙwabcinka yake nema a nasa gidan da har yau yake zaune ba ma'auni ba ne, shi ma kwantan yake yi. Abin da wani ya ƙirga ya miƙa, aka ba shi makulli, shi ne kasuwa. In ka samu waɗannan, ka gwada naka da su ba son kai: nasu na da wurin ajiye mota, naka ba shi da shi, ka rage, naka rufinsa sabo ne, ka ɗan ƙara. Kada ka tsaya a kan abin da ka kashe wajen gyara, don ba kasafai yake dawowa cif ba, musamman adon da aka yi don son ran mai gida.

Akwai wata magana da nake ji kullum: "Bari mu sa shi sama, in an taya sai mu sauko." A idona wannan dabara ta kashe ciniki da yawa. Makonnin farko su ne lokacin da gida ya fi jan ido, domin masu neman gida da gaske, waɗanda kuɗinsu ke hannu, sun riga sun ga duk abin da ke kasuwa, sabo suke jira. Sun kuma fi ka sanin farashi, don sun shiga gidaje 10 ko 20 kafin naka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In suka ga kuɗin ya wuce misali ba za su zo ciniki ba, wucewa kawai za su yi. Ga kuma shafukan tallar gidaje na intanet, inda mai nema ke rubuta iyakar kuɗinsa: in naka ya haura iyakar da ɗan kaɗan, ko a allon wayarsa ba zai fito ba. Mafi ciwo, gidan da aka tsawwala wa kuɗi yakan zama shi ke sayar da na kusa da shi, don kowa ya gwada su sai ya ga ɗayan araha ne.

In ka tabbatar farashin ne, ka rage sau ɗaya ragi mai ma'ana, wanda zai shigar da gidan cikin sahun masu neman da ba su taɓa ganinsa ba. Tsakurar ragi kowane wata yana koya wa masu saye jira ne. Kuma ka yi hattara da dillalin da ya fi kowa faɗa maka kuɗi mai yawa ranar farko. Wasunmu na yin haka don su karɓe aikin, bayan wata 2 su dawo suna cewa kasuwa ta lalace. Ka tambaye shi gidajen da ya dogara da su wajen wannan kima, ya nuna maka.

Batun talla ba shi da tsawo. Yau mai saye a waya yake fara shiga gidanka, kuma hoton farko ne ke sa ya tsaya ko ya wuce. A ɗauki hoto da rana, a ɗage labule, a kunna fitilu, a tsaya a kusurwar ɗaki, wayar a miƙe daidai ƙirji. A kwashe shanya, a rufe murfin masai, a kawar da kwandon shara. A rubuta yawan ɗakuna da girman fili da yanayin ruwa da wuta, a kuma rubuta farashi. Tallar da ta ce sai an kira za a ji kuɗi, mutane da yawa ba sa kira. Kada kuma a ƙawata hoto har ya fi gidan kyau, don wanda ya zo ya tarar da saɓanin abin da ya gani, ransa a ɓace zai zagaya.

A gidan dattijon nan, da muka zauna muka haɗa lissafi da taimakon mai ɗakinsa, sai ga shi an zo kallo fiye da sau 20. Saboda haka na ce ya bar ni in fita waje in sake shigowa kamar baƙo. Ina tura ƙofar ɗakin baya wani warin danshi ya tare ni, irin na ɗakin da ya daɗe a rufe. Na ɗaga kai, ga tabo a silin, ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa kamar faranti. Ya ce, "Ai wannan tsohon yoyo ne, shekara 3 ke nan da aka gyara." Warin kuwa ya rantse bai ji ba, kuma na yarda da shi, domin hanci yakan saba da warin da yake zaune a ciki har ya daina sanar da mai shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya daina. Baƙo bai sani ba. Abin da ya gani tabo ne, zuciyarsa kuma ta tafi kan ruɓaɓɓen katako da kuɗin sabon rufi. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana wannan a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya bambance lafiyayye da mai ciwo, sai ya taya kowanne ƙasa da kuɗin lafiyayye. Haka gida yake. Duk abin da ka bari cikin shakka, mai saye zai kimanta shi da mafi munin zato. Don haka ka gyara tushen matsalar tukuna, ka bari wurin ya bushe sarai, sannan a yi fenti, ka kuma adana rasit ɗin aikin don ka nuna. Shafe danshi da fenti ba tare da gyara ba ha'inci ne, kuma yakan sake bayyana kafin a gama biya.

Ƙananan abubuwa ma suna magana: famfo mai ɗiga, makullin da sai an yi kokawa da shi, kwan fitilar da ya mutu, ƙofar kabad da ta saki. Kowanne gyaran yini ɗaya ne, amma in suka taru sai mai kallo ya ce a ransa, wanda ya bar na fili haka, yaya na ɓoye? Ka roƙi wani aboki mai faɗin gaskiya ya zagaya da biro da takarda, kai kuma ka yi shiru ka saurara. Ka rage kaya, don ɗakin da ya cika da kujeru yakan zama ƙarami a ido. Amma ban ba ka shawarar ka rushe kicin ka sake sabo don sayarwa ba. Wanda zai saya yana da nasa ra'ayin. Tsafta da haske da iska mai daɗi sun fi komai tasiri a kan kuɗi kaɗan.

Akwai abu ɗaya da na sha wahalar gaya wa dattijon, shi ne cewa shi kansa yana cikin abin da ke korar mutane. Yana bin masu kallo ɗaki-ɗaki yana ba da tarihi, da kyakkyawar niyya. Amma miji da mata da suka zo duba gida suna son su yi ƙus-ƙus, ta ce kicin ya yi mata kaɗan, ya ce za a iya buɗe bangon nan. In mai gida na tsaye a kansu, kunya za ta sa su yaba komai su fita da wuri, alhali mai saye na gaske shi ne wanda ya tsaya yana kushe. Ka ba dillali makulli ka ɗan fita. Ka kuma sauƙaƙa lokacin zuwa. Wanda aka ce wa ya dawo mako mai zuwa yakan je ya ga wani gidan a yammacin ranar.

Takardu kuwa, ka gyara su kafin ka kafa allo. Sunan da ke takardar mallaka ya zama na mai sayarwa. In gidan na mutane da yawa ne, kowa ya yarda a rubuce. In akwai bashin banki a kansa ko harajin da ba a biya ba, ko ɗakin da aka ƙara ba da izinin hukuma ba, lauyan mai saye zai tono shi, kuma gara ya ji daga bakinka. Mai saye da rancen banki yana da wani alƙali a bayansa: bankin zai turo mai kimanta kadara, kuma a kan kimarsa zai ba da rance, ba a kan abin da kuka daidaita ba.

Wani lokaci kuma laifin ba na gidan ba ne. A Amurka, kuɗin ruwa na rancen gida na shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin 100 a farkon 2021, ya tashi zuwa kusan kashi 8 a Oktoban 2023. Rancen dala dubu 100 a kan kashi 3 ana biyan kimanin 422 a wata; a kan kashi 7 ya zama kimanin 665. Albashin mutum bai motsa ba, amma gidan da zai iya saya ya ragu sosai. A irin wannan yanayi, haka nan in gidan na bakin titi mai hayaniya ko a wuri mai nisa, ba fentin da zai yi magani. Ko ka jira in kana da halin jira, ko ka ba da haya, ko farashi ya ɗauki nauyin.

Dattijon ya yi kwana 4 kafin ya kira ni ya ce ya yarda. Muka sauke allon, aka buɗe ɗakin baya ya sha iska, aka yi fenti, aka kwashe rabin kujerun falo, muka sake hotuna, muka dawo da sabon farashi. A mako na 3 wasu ma'aurata suka zo sau biyu, a zuwa na biyu da mai duba gini, suka taya, ya sallama. Ranar da ake sa hannu ne ya gaya mini abin da bai faɗa ba tun farko: a watan farko wani ya taya gidan da kuɗin da ya ɗan fi wannan, shi kuma ya ƙi ko sauraro. Ya miƙa wa mijin makullai da jakar rasit, sannan ya kai shi bayan gida ya nuna masa inda ake kashe ruwa, dab da gindin bishiyar.