Yadda ake zana itatuwan bakin Gulbi da fentin ruwa

Idan ka gangara daga tudun garin Maradi zuwa kwarin Gulbi da sassafe a lokacin hunturu, za ka tarar mangwaro sun yi duhu, gawo ya yi ganye shar, hazo kuma ya lulluɓe na nesa har sun koma ruwan toka. Ni dai ban ga wurin da ya fi nan daɗin koyon fentin ruwa ba.

Fara da kaya. Nemi takarda mai kauri, wadda aka rubuta gram 300 a jikinta. Takardar rubutu ba ta yi, da ta sha ruwa sai ta kumbura ta yamutse. Burushi biyu sun isa, babba da ƙarami, sai fensir, tsumma, allon katako da za ka manna takardar da tef, da robar ruwa biyu, ɗaya ta wanke burushi, ɗaya ta kwaɓi. Launi huɗu kawai: shuɗi, ɗorawa, ja, ruwan ƙasa. Shi fentin nan garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, irin wanda ke tsattsafowa a jikin dakwara, shi ya sa yake narkewa da ɗigon ruwa.

Ka isa kafin ƙarfe 8. Idan lambun wani ne, yi sallama: "Baba, ina kwana? Don Allah in zauna gefen nan in yi zane." Zauna a inuwar bedi, domin hasken rana a kan farar takarda yana kashe ido, ya sa ka kasa tantance launi. Zaɓi itace ɗaya ya zama uban zanen. Da fensir fitar da gindinsa, manyan rassa da layin da ƙasa ta haɗu da sama, da sauƙin hannu. Ka lura da inda inuwa ta kwanta ka sa alama, don nan da awa guda ta gusa.

Sama ake fara shafawa, kuma a nan iskar garinmu ke gwada mutum. Cikin hunturu takarda na bushewa kafin ka sake tsoma burushi. Don haka kwaɓa launin da yawa tun kafin ka taɓa takardar, ka jiƙa ta da ruwa zalla, ka karkata allon kaɗan, ka ja daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa. Ranar farko da na gwada, na tsaya amsa gaisuwar wani yaro a tsakiyar shafi, na juyo na tarar da layi ya raba samana biyu, bai kuma gyaru ba. Samanmu na hunturu ba shuɗi ba ne sosai. Ɗiga masa ruwan ƙasa kaɗan.

Daga nan sai itatuwan nesa, da launi tsararo mai shuɗi-shuɗi, sannan na kusa. Kullum daga mai haske zuwa mai duhu. Babu farin fenti a aikin nan, farin takarda shi ne haskenka, inda ka rufe shi ya tafi.

Abin da ya fi damuna ga masu koyo shi ne tsanwa. Sukan shafa ta yadda ta fito daga kwali, itace ya fito kamar na wata ƙasa. Dubi gawo da kyau: tsanwarsa mai toka-toka ce, ƙura ta hau ta. Haɗa shuɗi da ɗorawa, ka taɓa ja kaɗan don ta lafa. Ta mangwaro kuwa ƙara mata shuɗi ta yi duhu. Kada ka ƙirga ganye. Runtse ido kaɗan, za ka ga itacen ya zama dunƙule uku ko huɗu na haske da inuwa. Su za ka zana, ka bar 'yan kafofi inda sama ke leƙowa. Ka tuna gawo da damina yake kaɗe ganyensa, in ka dawo a watan Agusta rassa tsirara za ka samu.

Inuwar ƙasa ce ta ƙarshe: shuɗi da ja, jan burushi ɗaya, kada ka koma kanta. Bari takardar ta bushe sarai kafin ka ɓare tef, ka sa ta tsakanin kwali biyu saboda ƙurar hanya.