Yadda ake daidaita zafi da laima a injin ƙyanƙyasar ƙwai a Yamai

Duk wanda ya zo mini da kukan ƙwansa sun ƙi fashewa, tambayata ta farko ita ce a wane ɗaki ya ajiye injin. Injin nan dumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Ƙwan kaza digiri 37.5 yake so, mu kuwa a Yamai watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, balle cikin ɗakin kwano da tsakar rana. In ɗaki ya fi injin zafi, lambar da ka saita aikin banza ce. Nemi ɗakin ƙasa ko mai silin, nesa da taga.

Kuma kada ka amince da lambar da allon injin ke nunawa. Sayo ma'aunin zafi na faramasi, kuɗinsa bai kai na tiren ƙwai ba, ka ɗora shi daidai tsayin ƙwai, ka bar injin ya kwana yana aiki babu komai a ciki, sannan ka gwada su biyun.

Laima kuwa, wato danshin iskar cikin injin, nan ne ni na sha kashi. Kwana 18 na farko ana son 50 zuwa 55 cikin ɗari, kwana uku na ƙarshe 65 zuwa 70. Zubina na farko cikin hunturu na yi shi, lokacin da iska ke tsage leɓe. Na cika kofi da ruwa na sa, na ce shi ke nan. Ranar 21 'yan tsaki suka huda ɓawo, fatar cikin ɓawon ta bushe ta manne musu, ina jin kukansu har suka yi shiru. Ashe faɗin ruwa ne ke ba da laima, zurfinsa ba ya ƙara komai. Yanzu faranti mai faɗi nake sawa, in bai isa ba in jiƙa soso in ƙara. Ruwan ya zama mai ɗumi, na randa yana saukar da zafin injin. Da damina, musamman Agusta, sai ka rage ruwan, in ba haka ba ɗan tsako ya nutse cikin ƙwai.

Ni na fi yarda da tocila a kan kowane ma'auni. Haska ƙwai cikin duhu ranar 7, 14 da 18, ka dubi gurbin iskar da ke gefen mai faɗi. In ya yi saurin girma, ƙara ruwa. In ya tsaya ƙarami, rage.

Daga ranar 18 daina juya ƙwai, daina buɗe injin, ko da yara sun matsa su leƙa. In wuta ta ɗauke da hunturu, lulluɓe injin da bargo amma ka bar ramukan iska. Da bazara kada ka lulluɓe. Ƙwan zabo yana kaiwa kwana 28, sai ka tsayar da juyi ranar 25.