Yadda Ake Gano Ciwon Bishiyar Bey a Farfaɗo da Ita a Legas

Bishiyar bey, wadda ake jefa ganyenta a jalof, 'yar yankin Bahar Rum ce, ba ta saba da ruwa irin na Ikko ba. Shi ya sa in ta fara rawaya, kafin a zargi ƙwari sai a duba gindinta.

Da farko a kankare ɓawon reshe da farce. In an ga kore a ciki, da sauran rai. In ya bushe ƙarau, a riƙa gangarowa har a tarar da kore, a yanke daga nan.

Sannan a tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5. Ganye ya yi laushi yana zuba, ƙasa kuma jagab, to saiwa ce ke ruɓewa. An fi ganin haka a Yuni da Yuli, musamman a unguwannin da ruwa ke kwanciya irin Lekki da Ajah. Nan ne masu lambu ke yin kuskure: su ga ta yanƙwane su ƙara mata ruwa, alhali shi ke kashe ta.

A ciro ta, a kakkaɓe ƙasar. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai wari, tana saluɓewa a hannu. A datse ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, a rage kashi ɗaya cikin uku na rassan, domin ragowar saiwar ba za ta iya ɗaukar su duka ba. A haɗa sabuwar ƙasa: awo 2 na baƙar ƙasa, 1 na yashi, 1 na takin da ya riga ya ruɓe. Yashin kuwa a wanke shi tukuna, don wanda ake haƙowa daga lagun, wato tafkin Legas da ke haɗe da teku, yakan zo da gishiri, gishiri kuma na ƙona bakin ganye. A dasa a tukunya mai huji, a ɗora ta kan bulo. A ra'ayinmu tukunya ta fi ƙasa a Legas, tunda ana iya janye ta ƙarƙashin rumfa in ruwa ya yi yawa.

Idan saiwa lafiya lau amma ganye na danƙo da baƙi kamar kunkunniya, kiyashi na hawa da sauka, a juya ganyen. Za a ga ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa manne kamar ƙuraje, suna tsotsar ruwansa. A goge su da tsumma, a haɗa cokalin shayi 1 na sabulun ruwa da 1 na man darbejiya a lita 1 ta ruwa, a fesa da yamma duk bayan kwana 7, sau 3 ko 4. Kada a sa maganin ƙwari mai ƙarfi, ganyen nan tukunyar girki zai shiga.

A ajiye ta inda take samun hantsi kawai, kada a ba ta ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Taki kuma sai bayan sabon toho ya fito, wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci ma daga can gindi yake ɓullowa.